Yadda Za Ka Zaga Tsohon Birnin Kano, Daga Dala Zuwa Ƙofar Mata

Jama'a na shigowa Kano kullum daga Maraɗi da Damagaram, daga Sakkwato da Yola, har daga Kumasi da Njamaina. Mutum zai sari atamfa a Kantin Kwari, ya canza kuɗi a Wapa, ya ci abinci a Fagge, ya koma tasha, ya je gida ya ce ya je Kano. Amma Kwari da Fagge da Sabon Gari duk a wajen ganuwa suke. Birnin da ya haifi wannan kasuwanci yana can ciki, tafiyar 'yan mintoci a adaidaita sahu, kuma mafi yawan baƙi ba su taɓa taka shi ba. Wani abin takaici ma, akwai yaran da aka haifa a Hotoro ko Rijiyar Zaki da suka gama jami'a ba su taɓa hawa dutsen Dala ba.

Shawarata ita ce ka ware kwana biyu, ka bi birnin yadda ya girma: ka fara daga dutsen da mutanen farko suka zauna, ka gangaro kasuwa, ka wuce fada, ka ƙare a ƙofar gari. Wanda ya bi haka zai ga yadda kowane wuri ya haifar da na gabansa. Wanda ya shiga mota ana ajiye shi nan, a ɗauke shi a ajiye can, hotuna kawai zai tara.

Fara da zaɓen lokaci

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne lokacin da tafiyar ƙafa ta fi daɗi. Illar sanyi ɗaya ce, hazo: idan ya sauko sosai, daga kan Dala ba za ka hango ko hasumiyar masallaci ba, wani lokaci ma har jirgin sama yakan kasa sauka. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma ban ba ka shawarar jan yara ko dattawa cikin lunguna a irin wannan rana ba. Damina tana wanke gari, iska ta yi haske, sai dai a watan Agusta lungunan da ke kusa da rafin Jakara sukan cika da ruwa da caɓi.

A cikin mako, Litinin zuwa Alhamis sun fi. Ranar Juma'a tun kafin sha biyu hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci suke cunkushewa, kasuwa kuma ta yi sanyi har sai an sauko. Ka kuma tuna da Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, da ake hana zirga-zirga da safe har wajen ƙarfe goma. Da azumi gari yakan yi latti wajen tashi, masu abinci ba sa fitowa sai yamma.

Hanya da masauki

Mai zuwa daga Damagaram zai biyo ta Matamai da Kwangwalam, ya shigo Daura, ya ratsa Kazaure. Na Maraɗi zai bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina. Wannan hanya ta biyu ka yi ta da rana tsaka, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin ka hau, don su ne suke da labarin safiyar ranar. Ka riƙe katin shaidarka ko fasfo, da katin rigakafin shawara. Motocin Katsina da Daura da na Nijar yawanci a Ƙofar Ruwa suke sauke fasinja, na Zariya da Kaduna da Jos kuwa a Unguwa Uku. Filin jirgin sama na Malam Aminu Kano yana arewacin gari, ba shi da nisa da Fagge.

Cikin birni ba wurin otal ba ne, gidajen gado ne. Idan kana da ɗan'uwa ko aminin kasuwanci a ciki, sauka a wurinsa ya fi komai, ko da a shagon samari ne. In babu, ka nemi masauki a Nassarawa, Bompai, Fagge ko titin gidan zu. Tun 2013 aka hana acaɓa a Kano, saboda haka adaidaita sahu ne abin hawanka. Kada ka riƙa tsayar da sabo a kowace kwana. Ka samu direba ɗaya ta hannun mai masaukinka, ku yi cinikin yini guda tun da daddare, ka karɓi lambarsa, ya riƙa jiranka a inda za ka ɓullo. Ka tanadi ƙananan kuɗi a aljihu. Masu POS suna ko'ina, amma mai tsaron ƙofa da yaron da ya nuna maka hanya da mai sayar da ruwa ba za su jira turin kuɗi ta waya ba.

Ka nemi ɗan unguwa

Wannan shi ne matakin da baƙi suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi muhimmanci. Lungunan birni ba a shata su don baƙo ba. Wani zai kai ka har ƙofar gidan mutane ya tsaya, wani ya raba biyu ya sake raba biyu, taswirar waya kuma ba ta san rabinsu ba. Ɗan unguwa ya san wane zaure ake shiga da sallama, wane dattijo ne zai ji daɗin a tambaye shi, wane lungu ne ba a bi da waya a hannu. Ƙwacen waya gaskiya ne a Kano, ba na ɓoye maka ba, amma wanda ya fito da safe tare da ɗan gari, wayarsa na aljihu sai lokacin ɗaukar hoto, da wuya ya gamu da shi.

Ma'aikatan gidajen tarihi na Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa sukan haɗa baƙo da mai rakiya. Ɗalibin tarihi daga Jami'ar Bayero wanda aka haifa a cikin birni shi ma ya isa. Ku daidaita abin da za ka ba shi tun kafin ku fita, kuma ka gaya masa a fili cewa sayayya da kanka za ka yi ciniki, don kada ya kai ka rumfar da yake karɓar la'ada kawai.

Takalmi ya zama mai rufi wanda ba ya wahalar cirewa, domin za ka cire shi sau da yawa. Hajiya ta ɗauki mayafi babba ko hijabi, da takalmi maras tsini.

Dala, da sassafe

Ka isa gindin dutsen wajen ƙarfe bakwai. Akwai matakala ta siminti har sama, kuma mai lafiya ba zai wuce minti goma ba. Dattijo ya hau a hankali yana hutawa, yara kuma a riƙe hannunsu, musamman a can sama inda gefe ba shi da kariya ta kirki. Za ka tarar da masu kula da wurin, ka gaishe su, ka ba da abin da aka nema.

Kafin ka ɗaga kai ka kalli gari, dubi ƙasar da kake takawa. Jan dutsen nan mai tama shi ne dalilin zaman mutane a nan. Masu binciken tarihi sun samu shaidar narka ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, wanda kundin tarihin sarakunan Kano ya sa farkon sarautarsa a 999. Wanda ke da ƙarfe yana da fartanya da mashi, wanda ke da su kuwa yana da hatsi da tsaro, sai baƙi su zo su raɓe shi. A nan ne kuma ake ba da labarin Barbushe, mai kula da tsafin Tsumburbura, wanda yake hawa dutsen ya sauko ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi.

Yanzu ka sa mai rakiyarka ya nuna maka gari. Ga Goron Dutse ta yamma, ɗan'uwan Dala. Ta kudu maso gabas za ka hango koriyar ƙubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa biyu, bayansa itatuwan Gidan Rumfa, wato fadar sarki. Tsakaninka da masallacin, inda rufin kwano ya cushe wuri guda, kasuwar Kurmi ke nan. Ta arewa ga Gwammaja, can gaba filin jirgi. Ka ɗauki minti ashirin a nan kana haddace wannan shimfiɗa, domin da zarar ka shiga lungu ba za ka ƙara ganin nesa ba, kuma abin da ka riƙe daga sama shi zai riƙa gaya maka inda kake.

Idan zuwanka ya dace da bikin Takutaha, mako guda bayan Mauludi, za ka tarar da dutsen maƙil da mutane. Abin kallo ne, amma ba ranar kai ƙananan yara ba ce.

Gangarowa ta cikin unguwanni

Daga Dala zuwa Kurmi da ƙafa za ka yi, kuma kada ka yi sauri. Ka karya a hanya: waina da miya, ko ƙosai da koko, ko ka daure har Jakara ka ci gurasa, wadda matan wannan yanki suka gada suna gasawa a tanderu. A yi maka bandashe, a jiƙa ta, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji da mai, a yanka albasa da tumatir.

Unguwannin da ke kewaye da kasuwar su ne tarihin baƙuncin Kano. Madabo ta malaman Wangarawa ce, waɗanda suka zo daga ƙasar Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Sharifai tana da alaƙa da zuriyar Shehu Magili, malamin da ya zo zamanin Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki. A Dandalin Turawa fataken Larabawa na Gadamus da Tarabulus suka zauna. Ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Agadasawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Baƙon da ya zo daga Agadas ko Barno ko Bida yana iya tarar da gidan da kakanninsa suka sauka, in ya yi tambaya da ladabi.

A nan ne za ka ga abin da ya rage na ginin ƙasa: zaure mai daurin guga, azara a rufi, zanko a saman katanga, zane a fuskar gida. Suna raguwa duk shekara, ana rushewa ana sa bulo, kuma ban ga laifin mai gida ba, tun da yaɓe duk bayan damina kuɗi ne, maginan da suka iya aikin kuma sun yi ƙaranci. Idan ka ga wanda ya burge ka, ka yi sallama ga dattawan da ke zaune a dakali, ka ce, "Baba, baƙi ne mu, ginin nan ne ya ba mu sha'awa, ko za a ba mu izini mu ɗauki hoto?" Sau da yawa za a shigar da kai zaure, a ba ka labarin wanda ya gina shi. Kada ka ɗaga waya kan mata ko almajirai ko makarantar allo ba tare da izinin malam ko mai gida ba. Kada kuma ka wuce zaure sai an ce ka shigo.

Kurmi

Kasuwar ba ta cika sai wajen ƙarfe goma. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa ta, kuma ƙarni huɗu ita ce inda ayarin Sahara yake sauke kaya: gishirin Bilma, kanwa, goron Gwanja, takarda da alharini daga arewa, a ɗauki baƙin yadin Kano da jar fata a koma. Bature Heinrich Barth ya zauna a Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Fatar da Turawa suka daɗe suna saye a hannun 'yan Maroko, da yawanta jar akuyar ƙasar Hausa ce. Ya kamata kuma a gaya wa yara gaskiya: a wannan kasuwa an sayar da bayi, har zuwa farkon ƙarni na 20. Mai rakiya na kirki zai nuna maka wajen, ba zai kauce wa maganar ba.

Yau Kwari da Sabon Gari da Dawanau sun ɗauke babban ciniki, abin da ya rage wa Kurmi shi ne kayan gargajiya, kuma a wannan fanni ba ta da na biyu. Ka fara da 'yan sirdi, ka ga linzami da likkafa da jalala da kayan ƙawar doki da ake ɗinka wa hakimai. In Sallah ta kusa za ka same su ba sa ko ɗaga kai. Daga nan ka shiga wajen dukawa masu jaka da takalmi da tim-tim, sai masu tasa da tagulla, masu ƙwarya da faifai, masu turaren wuta, masu sassaƙe da saiwoyi. Wurin da nake so kowa ya daɗe shi ne rumfunan littattafai, inda ake sayar da allo da tawada da alƙalamin kara da gafaka, da ƙananan littattafan ajami da ake bugawa a kan takarda mai araha. Yaron da ya san boko kawai, ka saya masa ɗaya, ka sa mai rumfa ya karanta masa layi biyu, ya ji Hausarsa ce a rubuce da wasu haruffa.

Ciniki a nan da natsuwa ake yinsa. Ka gaisa tukuna, ka tambayi kasuwa, sannan ka ɗauki kaya. Idan ya faɗi kuɗi ka taya, in ya ce "albarka" ka ƙara kaɗan, har ya ce ya sallama. Abu biyu nake roƙonka. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, domin idan an sallama maka ka ajiye ka tafi, ka ci mutuncin mai kaya. Kuma kada ka matse mai aikin hannu har ya sayar a faɗuwa. Wanda ya yi kwana uku yana ɗinka jaka ba daidai yake da mai sarin kayan kamfani ba. Fata ta gaske tana da ƙanshin jima, bayanta kuma yana da gashi-gashi. Wadda bayanta ya yi kama da yadi, roba ce.

Masallaci, fada da Gidan Makama

Ka daidaita tafiyarka azahar ta same ka a babban masallacin Juma'a. Asalinsa tun zamanin Rumfa ne, an sake gina shi fiye da sau ɗaya, wanda kake gani yanzu kuma an kammala shi a farkon shekarun 1950, ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Bayan salla ka zauna a inuwa ka huta, yara su sha fura da nono.

Gidan Rumfa yana jikin masallacin. Tun ƙarshen ƙarni na 15 sarakunan Kano suke zaune a cikinsa, na Haɓe da na Fulani, har da Ibrahim Dabo da ya hau a 1819 da zuriyarsa ta yau. Gida ne da mutane ke kwana a ciki kuma ake shari'a da zaman fada, ba gidan kallo ba ne. Abin da kowa zai iya gani shi ne Ƙofar Kudu da filin da ke gabanta, da dogarai cikin ja da kore. Shiga sorayen ciki sai da izini, wanda ake nema a rubuce ta ofishin masarauta kwanaki kafin zuwa, ko ta hannun wani mai sarauta da ya san ka. In an ba ka, za ka cire takalmi inda aka ce, ka bi bayan wanda aka haɗa ka da shi, ka tambaya kafin kowane hoto. Tun watan Mayun 2024 ake cikin taƙaddamar sarauta a Kano, tsaro ya ƙaru a kewayen fada da gidan sarki na Nassarawa. Kai baƙo ne. Ko wane ra'ayi gare ka, ka bar shi a cikinka, a adaidaita sahu da teburin mai shayi da ko'ina.

Gidan Makama yana tsallaken titi daga Ƙofar Kudu, kuma shi ne wurin da zai ɗaure maka duk abin da ka gani tun safe. Ginin kansa na ƙarni na 15 ne, ana danganta shi da Rumfa tun kafin ya zama sarki, yanzu kuma gidan tarihi ne a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Kuɗin shiga kaɗan ne. Ka karɓi mai bayani, kada ka ce za ka zaga da kanka. Za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, taswirar ganuwa, sulke da lifidi da kwalkwali, kayan kiɗan fada, ɗakin amarya irin na da da jerensa, da hotunan zuwan Turawa a watan Fabrairun 1903, lokacin da Sarki Alu yake hanyar dawowa daga Sakkwato. Ka riƙa ɗaga kai kana duban rufin kowane soro. Yadda aka tanƙwara bakan gizo da azara da ƙasa, ba ƙarfe ba siminti, ya tsaya shekaru aru-aru, shi kansa ya isa dalilin zuwa. Ka shiga kafin ƙarfe uku don kada a tashi kana tsaka da kallo.

Idan da yara ko dattawa a tafiyar, ka tsaya nan. Ka kira direbanka, ku je ku ci garau-garau ko ɗanwake, da daddare a nemo tsire.

Marinar Ƙofar Mata

Washegari da safe ka fara da marina, kusa da asibitin Murtala da filin idi. Ana cewa tun 1498 ake rini a wannan wuri. Za ka ga bakin rijiyoyi jere a ƙasa, da yawansu a bushe, wasu an rufe su da murfin kaba. Kaɗan ne ke aiki, domin yadin waje mai araha da rinin kanti sun kashe kasuwar, samari kuma ba sa son sana'ar da ke barin hannu shuɗi.

Ka nemi shugaban marina ko dattijon da ke wurin, ku gaisa, ku daidaita abin da za ka bayar na kallo da hoto, sannan ka roƙi a nuna maka aikin daga farko. Rijiyar ta fi tsayin mutum zurfi. Ana cika ta da ruwa, a zuba toka da baba da kanwa da katsi, a bar ta kwanaki tana ruɓa ana motsawa, har kumfa ta taso a san ta nuna. Marini zai tsoma yadi, ya ɗaga, ya sake tsomawa. Ka matso da yara su kalli wannan da kyau: yadin yakan fito kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonsu. Iskar ce ke kama launin, shi ya sa ba a barin yadi a ciki kawai a tafi. Gwargwadon yawan tsomawa gwargwadon duhunsa, daga shuɗi mai haske har zuwa baƙi mai ƙyalli irin wanda Buzaye ke naɗawa. Zanen da ke jiki kuwa mata ne suke ƙulla shi da zare a cikin gida kafin a kawo, kowane da sunansa, kuma a tambaya za a gaya maka.

Daga nan ka bi ƙarar bugu zuwa ɗakin da ke gefe, inda maza ke zaune a jere suna dukan shadda da manyan sandunan itace a kan gungume har ta yi santsi tana walƙiya.

Ka sayi wani abu, ko ɗankwali ne. Kuɗin kallo ba ya riƙe sana'a, ciniki ne ke riƙe ta. Rinin baba na gaske yana da warinsa, kuma yakan ɗan bar shuɗi a hannu da farko. In ka kai gida ka wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, ka shanya a inuwa.

Sauran rana ta biyu

Daga marina ka hau adaidaita ka bi ganuwa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, Rumfa da na bayansa suka faɗaɗa. Ka bi titin Jami'ar Bayero daga Ƙofar Ɗan Agundi, ka wuce Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya har Kabuga, ta wajen da sojojin Turawa suka shigo. A nan ne za ka ga guntayen da suka rage, kuma za ka ga yadda aka yanka wasu wuraren aka yi shaguna da gidaje, aka ɗebi ƙasar wasu aka yi gini. Yawancin ƙofofin ma sababbi ne na siminti da aka yi bayan faɗaɗa titi. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba, amma ba a daina cin ta ba. Ka sauka ka tsaya a gindin wani guntu, yara su ga kaurinsa da idonsu.

Sai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Bature Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko ta gwamnati a nan a 1909. Ginin ƙasa ne mai bene, yanzu a hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Idan da sauran lokaci ka ƙarasa Gwammaja, gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, kabarinsa ma yana ciki. Ganin ƙanƙantar ɗakin da jagoran jam'iyyun NEPU da PRP ya rayu a ciki yana sa mutum tunani. Sayayyar Kwari ka bar ta ƙarshe, don kada ka yi ta yawo da ƙunshi.

Mai kwana na uku ya je Kura, kan hanyar Zariya, ya ga inda ake rina rawanin da ake kaiwa Agadas, ko ya miƙa Daura ya ga rijiyar Kusugu.

In don hawan Sallah za ka zo

A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su. Sai dai an dakatar da shi a shekarun annobar korona, an kuma sake dakatarwa saboda rikicin sarauta. Saboda haka kada ka biya kuɗin mota da masauki sai ka ji sanarwar masarauta da ta 'yan sanda a rediyon Kano, ka kuma sake tabbatarwa ana jajibiri.

In za a yi, ga yadda yake a al'ada. Ranar Sallah sarki yakan fita idi a Ƙofar Mata, ya komo gida a kan doki ta cikin gari. Washegari da la'asar Hawan Daushe, inda yake zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya dawo Ƙofar Kudu hakimai su yi jafi. Rana ta uku da safe Hawan Nassarawa, a je gidan gwamnati, a ratsa Sabon Gari da Fagge. Daga nan sai Hawan Ɗorayi a ƙaramar Sallah, ko na Fanisau a babba.

Daushe ne ya fi ƙawa, shi ne kuma ya fi cunkoso. Rumfar da ke Ƙofar Kudu ta masu katin gayyata ce, kuma ana neman katin tun kafin Sallah. In ba ka samu ba, abin da ya fi shi ne benen wani gida da ke kan hanyar da za a bi, ta hannun ɗan unguwarka. Ka isa tun bayan azahar kafin a rufe tituna, da ruwan sha da hula. Kowane hakimi zai wuce da tawagarsa da makaɗansa, sannan 'yan lifidi da 'yan sulke. Idan ka ji bindigogi sun tashi, ga kakaki da tambura, to sarki ya kusa, ka nemi laima a tsakiyar dogarai. Masu ƙananan yara su ja baya daga 'yan bindiga, domin ƙarar tana firgita yaro, kada kuma kowa ya tsaya a bakin filin da dawaki ke sukuwa. Ka rubuta lambar wayarka a takarda ka sa a aljihun kowane yaro, ku kuma ajiye wurin haɗuwa in an rabu. Da an gama jafi kada ka bi turmutsitsin fita. Ka zauna inda kake har a yi magariba, hanya ta sarara, sannan ka kira direbanka ya same ka a wajen Ƙofar Nassarawa.